Makulli a Ƙarƙashin Tabarma

Mai aikin gida ta gaji. Ta leƙa ta kafar makulli ta hango uwar ɗakinta da jariri, ta ajiye 'yar takarda cewa ta bar aiki domin gidan ya yi nisa da mutane, ta kulle ƙofa, ta tura makullin ƙarƙashin tabarmar bakin ƙofar, ta kama gabanta. Da haka fim ɗin Suspense ya buɗe, fim na kimanin minti goma da aka fitar a Amurka a 1913, lokacin da fim bai iya magana ba tukuna. Wani ɗan gararamba yana raɓe a gefen hanya, ya ga fitarta. Ya zagayo gidan yana laluben hanyar shiga. Matar gidan tana ɗakin sama, ta ji motsi, ta leƙo ta taga. A daidai nan aka ɗora kyamara a inda idonta yake, tana kallon ƙasa tsaye, sai mutumin ya ɗaga kai ya dubi sama, suka haɗa ido. Wato da kai mai kallo ya haɗa ido.

Ta ruga wurin tarho ta kira mijinta a ofis. Allon ya rabu gida uku masu kusurwa: miji a tsakiya yana saurare, ita a gefe tana magana, mutumin a ɗaya gefen yana ƙoƙarin shigowa. Ya sami makullin. Ya yanke wayar tarho, magana ta katse a kunnen mijin. Abin da ya fi tayar min da tsikar jiki shi ne mutumin bai yi gaggawa ba. Ya shiga kicin ya ci abin da ya samu, ya ɗauki wuƙa, sannan ya fara hawa bene a hankali, fuskarsa tana ƙara girma har ta cika allo. Shi kuwa mijin ya faɗa wata mota da ba tasa ba ya fizge ta, mai motar da 'yan sanda suka dafa masa baya, muna ganin su suna matsowa ta madubin gefe. A sama matar ta jawo kayan ɗaki ta tokare ƙofa. Hannu ya fasa katako ya shigo yana lalube.

Matar da ta fito a matsayin uwar jaririn ita ce ta rubuta labarin, kuma ita ce ta ba da umarni tare da mijinta Phillips Smalley. Sunanta Lois Weber.

A waya na fara ganin fim ɗin, da dare, an ɗauke wuta, maigidan ya yi tafiya, 'yata tana barci a gefena. Ban ƙarasa shi ba sai da na tashi na sake taɓa sakatar ƙofa. Duk macen da ta taɓa kwana ita kaɗai da goyo ta san yadda kunne yake tsayuwa, yadda ƙarar langalanga a iska take komawa takun mutum. Na sha kallon finafinan kisa na zamani masu jini da kiɗan razanarwa, amma wannan tsohon hoto marar launi, marar murya, shi ne ya san ainihin inda tsorona yake kwana. Washegari na buɗe wani littafin tarihin fim da na daɗe ina ji da shi, mai kauri, na bi sunayen ƙarshen littafin da yatsa. Ban ga Weber ba. Na ga shafuka a kan D. W. Griffith, shahararren daraktan Amurka na wancan zamani.

Griffith gwani ne, ba na musun haka. A 1909 ya yi The Lonely Villa, kusan labari ɗaya: uwa da 'ya'yanta mata a gida, ɓarayi a ƙofa, tarho, uba yana tsere da lokaci. Shi ake koyar wa ɗalibai idan an zo bayanin yadda ake tsallakawa daga wuri zuwa wuri don zuciyar mai kallo ta riƙa bugawa. Amma a wurin Griffith kyamara tana tsaye daga nesa kamar ɗan kallon dambe, matan suna can ciki suna ja da baya daga ɗaki zuwa ɗaki. Weber ta ɗauki wannan labari da kowa ya riga ya sani, ta shigar da mu cikin ɗakin, ta ba mu idon matar. Ba ita ta fara raba allo ba, an riga an gwada haka a Turai, sai dai ita ta san abin da za ta yi da shi: ta sa ka ga mugun da mijin ba ya gani, a daidai lokacin da yake jin muryar matarsa. Duk fim ɗin da ka taɓa gani na mace a gida da baƙon da bai yi sallama ba, yana da jini ɗaya da waɗannan mintuna goma.

Ra'ayina ke nan, kuma ba na sassauta shi. Tarihin fim ɗin laifi da ake bayarwa, wanda ke tashi daga fim ɗin 'yan fashin jirgin ƙasa na 1903 ya bi ta kan fim ɗin 'yan dabar New York na Griffith a 1912 ya sauka a kan finafinan 'yan bindiga na shekarun 1930, tarihi ne da aka yanke wa hannu ɗaya. Mata suna cikin masu aza harsashin ginin, suna rubutawa, suna ba da umarni, suna zuba kuɗinsu. Gyara wannan tarihi haƙƙi ne a kan makarantu da gidajen adana finafinai da masu rubutu, kuma ba a gyara shi da kirari.

A fara da yawansu, domin akwai masu ɗauka cewa Weber wata tsuntsuwa ce guda da ta ɓato hanya. Daga 1912 zuwa 1919 kamfanin Universal kaɗai ya rubuta sunayen mata goma sha ɗaya a matsayin daraktocin finafinai aƙalla 170. A 1916 Weber ce daraktan da ya fi kowa albashi a kamfanin, maza da mata. A can ne Grace Cunard take rubuta finafinai masu dogon zango ita da abokin aikinta Francis Ford, yayan shahararren darakta John Ford, suna fitowa tare, suna raba aikin umarni. Ta ƙirƙira wa kanta rawar wata ɓarauniyar lu'ulu'u mai kwalliya da wayo wadda jami'in bincike ke bi yana faɗuwa, kuma a The Purple Mask na 1916 ta sake ɗaura takunkumi tana kwashe na masu hali. Cleo Madison ta ba da umarnin Eleanor's Catch a 1916, inda ta fito a 'yar talakawa mai wankau da wani tantiri ke zuga ta yi sata. Sai a ƙarshe ake gane cewa jami'ar sirri ce, shi ne ya faɗa tarkonta. A wani kamfanin kuma, The Hazards of Helen ya kai kashi 119 tsakanin 1914 da 1917, ma'aikaciyar tashar jirgin ƙasa tana bin 'yan fashi a kan rufin tarago, kuma Helen Holmes da magajiyarta Helen Gibson da jikinsu suke yin tsallen. 'Yan matan da ke aiki a masaƙu da kantuna su ne ke cika gidajen silima duk mako don ganin ci gaban labarin. Wannan a ƙasar da sai a 1920 tsarin mulkinta ya tabbatar wa mata ƙuri'a.

A Faransa abin ya fi ciwo. Alice Guy sakatariya ce a wurin Léon Gaumont lokacin da kamfaninsa yake sayar da kyamarori, ita ta nemi izinin ɗaukar 'yan gajerun labarai, har ta zama shugabar sashen shirya finafinai zuwa 1907. Ita ta sayi labaran wani tsohon ɗan jarida mai suna Louis Feuillade, ta jawo shi ciki, kuma da za ta bi mijinta Amurka shi ya gaji kujerarta. Feuillade ɗin nan shi ne ya yi Fantômas a 1913 da Les Vampires a 1915, waɗanda duk mai nazarin fim ɗin laifi yake rantsuwa da su. Ita kuwa ta kafa kamfaninta, Solax, a 1910, ta gina katafaren ɗakin ɗaukar fim a Fort Lee ta jihar New Jersey a 1912, ta riƙa fitar da finafinan barkwanci da na soyayya da na 'yan sandan ciki da miyagun birni. Amma da aka zo rubuta tarihi, aka riƙa jingina wasu ayyukanta ga mazan da suka yi aiki a ƙarƙashinta. Ta shafe tsufanta tana rubuta wasiƙu tana gyara kurakuran marubuta, tana cigiyar finafinanta. Ta rasu a 1968 tana da shekara 94, littafin tarihin rayuwarta bai fito ba sai 1976. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Tauraruwar Les Vampires ma haka ta same ta ta wata fuskar. Musidora, wadda sunanta na yanka Jeanne Roques, ta fito a Irma Vep, 'yar ƙungiyar ɓarayi da ke tafiya a kan rufin gidajen Paris cikin baƙaƙen kaya, fim ɗin da ya ɓata wa 'yan sandan birnin rai har suka dakatar da nuna shi na ɗan lokaci. Hotonta cikin baƙaƙen kayan nan ya zagaya duniya. Kaɗan ne suka san cewa ta kafa kamfaninta, ta ba da umarnin finafinai a Faransa da Sifen a farkon shekarun 1920. An riƙe jikinta, an saki aikin kanta.

Na fi son in daɗe a kan wani fim na Weber da ba a cika ambata ba, domin shi ne ya nuna min cewa matan nan suna da wata tambaya tasu game da laifi. A 1915 aka kashe wani manomi da mai kula masa da gida a karkarar jihar New York. Aka kama wani ɗan ƙodago mai suna Charles Stielow, mutumin da bai iya karatu da rubutu ba, aka matsa masa har aka samu abin da aka kira amsa laifi, aka yanke masa hukuncin kisa, aka kai shi kurkukun Sing Sing yana jiran kujerar lantarki. Wasu masu fafutuka, cikinsu har da wata lauya mai suna Grace Humiston, suka tsaya kai da fata cewa ba shi ya yi ba. Ana cikin wannan dambarwa, a ƙarshen 1916, Weber ta fitar da The People vs. John Doe, labarin talaka marar ilimi da masu bincike suka ƙaƙaba wa kisa don su ci lada. A wannan fim, mai laifi na gaskiya shi ne tsarin da ya kamata ya kare marar gata. A watan da fim ɗin ya fito gwamnan jihar ya sassauta hukuncin Stielow, daga baya bincike ya nuna cewa harsasan ba daga bindigarsa suka fito ba, aka sake shi a 1918. Ba zan ce fim ne ya cece shi ba, lauyoyi da 'yan jarida ne suka yi wahalar. Amma a ce mace ta ɗauki kyamara ta shiga shari'ar da rai ke rataye a kanta, tun mutumin yana ɗaure, wannan ƙarfin hali ne da ko yau ba kowane darakta ke da shi ba. A 1916 ɗin dai ta yi Shoes, labarin 'yar kanti da ke ciyar da gidansu da ɗan albashinta, ubanta yana kwance yana karatun littattafan banza, takalminta ya huje tana cusa masa kwali, har ta sayar da mutuncinta don ta sayi sabo. Babu ɗan sanda a fim ɗin, babu kotu, amma duk mai kallo ya san an yi laifi, kuma ya san ba ita ta fara ba.

To ina suka tafi? Akwai masu cewa kasuwa ce ta tace, wanda ya iya ya tsaya, wanda bai iya ba ya faɗi. Wannan magana ba ta tsayuwa idan aka dubi yadda abin ya faru. A farko sana'ar fim ba ta da daraja, masu kuɗi suna kallonta a matsayin wasan 'yan kasuwar dare, don haka babu mai gadin ƙofa. Wanda ya fito a fim yau, gobe shi ne mai rubutu, jibi shi ne mai yanka da haɗa hoto. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya aka gane cewa akwai dukiya a ciki. Bankuna suka shigo, manyan kamfanoni suka sayi gidajen silima, har ya zama mai shirya fim shi ne mai rarrabawa kuma shi ne mai nunawa. Ƙananan kamfanoni irin na Guy da na Weber suka rasa inda za su nuna kayansu. Aka rarraba aiki sashe-sashe kamar masana'anta, aka mayar da darakta wani kwamandan sojoji, kuma masu ba da rance ba su saba miƙa wa mace jakar kuɗi ba. Maza masu ƙananan kamfanoni su ma sun faɗi, gaskiya ne, amma da yawansu an ɗauke su aiki a manyan. Matan ne aka nuna wa ƙofa, ko aka mayar da su ɗakin rubutu. Guy ta yi fim ɗinta na ƙarshe a 1920. Cunard ta koma fitowa a 'yan ƙananan matsayi da ko suna ba a sa mata. Da aka shiga shekarun 1930, Dorothy Arzner ce kaɗai macen da ke ba da umarni a kai a kai a manyan kamfanonin Hollywood. Weber ta rasu a 1939 ba ta da komai. Ƙawarta Frances Marion, wadda ta ci kyautar Oscar a 1930 da labarin wani fim na gidan yari, ita ta ɗauki nauyin jana'izarta.

Sannan wuta ta ƙarasa abin da banki ya fara. Finafinan wancan zamani a kan leda mai sinadarin naitiret ake buga su, abin da ke kamawa da wuta da kansa idan ya ji zafi, ruwa ba ya kashe shi, idan kuma bai ƙone ba sai ya narke ya yi danƙo, ya koma gari. Da fim mai magana ya zo daga 1927, kamfanoni suka ɗauki tsofaffin a matsayin tarkace. Wasu aka narkar don a cire azurfar da ke jikinsu. Rumbun kamfanin Fox ya ƙone a New Jersey a 1937, Universal kuwa da hannunsa ya lalata mafi yawan finafinansa marasa murya a 1948, wato kamfanin da ya fi kowane tara daraktoci mata. Wani bincike da Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya fitar a 2013 ya nuna cewa cikin dogayen finafinai marasa murya kusan 11,000 da aka yi a ƙasar, kashi 70 cikin 100 sun ɓace gaba ɗaya. Wuta ba ta zaɓe, amma masu ceto suna zaɓe. Lokacin da gidajen adana suka fara tsamo abin da ya rage, sunayen da littattafai suka riga suka ɗaukaka su aka fara nema. Wanda ba a rubuta ba, ba a neme shi ba. Wanda ba a samu ba, ba a sake rubuta shi ba. Yawancin finafinan Cunard masu dogon zango sun tafi. Fim ɗin Weber na labarin Stielow wani yanki ne ya tsira. Shoes a ƙasar Holan aka adana shi aka gyara. A garin Dawson na arewacin Kanada, inda fim ke zuwa ya ƙare tafiyarsa domin kuɗin mayar da shi ya fi darajarsa, an cike wani tsohon wurin ninƙaya da nadin finafinai a 1929; a 1978 masu haƙa suka tono guda 533 da ƙanƙarar ƙasa ta tsare. Abin da ƙasa ta riƙe bisa tsautsayi ya fi abin da wasu kamfanoni suka riƙe da gangan.

Yanzu sunayen sun fara dawowa. Jami'ar Columbia ta buɗe wani rumbun bayanai a intanet a 2013 a kan matan farkon fim na duniya, kuma a 2020 aka shigar da Suspense cikin jerin finafinan da Amurka ta ɗauki alkawarin adanawa. Ina murna da haka. Abin da ke damuna shi ne salon yabon. Kullum "mace ta farko da ta yi kaza", a liƙa hoto a ranar mata ta duniya, a tafa, a koma koyar da darasi yadda aka saba. Wannan ma wata binnewa ce, da furanni a kai. Gwani ana girmama shi ne ta hanyar kallon aikinsa da yi masa gardama, kuma matan nan suna da abin da za a yi musu gardama a kai. A Suspense mugun talaka ne mai yagaggun kaya, fim ɗin bai tambayi yunwar da ta sa ya fara da kicin ba. A wani fim na Weber na 1916, wanda mai gabatar da ƙara ke gurfanar da likita mai zubar da ciki, akwai aƙidar nan mai muni ta wancan zamani cewa talakawa da marasa lafiya ba su cancanci haihuwa ba kamar masu hali. A Jamus, Thea von Harbou, wadda ta rubuta fim ɗin Dr. Mabuse na 1922 tare da darakta Fritz Lang, daga baya ta shiga jam'iyyar Nazi. Wanda ya ɓoye waɗannan don ya kare matan, bai ɗauke su cikakkun mutane ba.

Labarin da ya fi tsaya min a rai ta wannan fuska shi ne na Dorothy Davenport. Mijinta, Wallace Reid, babban tauraro ne. Ya ji rauni a wurin aiki, aka riƙa ba shi allurar kashe zafi don kada ɗaukar fim ta tsaya, ya kamu da ita, ya rasu a farkon 1923 yana ɗan shekara 31. Matar ba ta shiga ɗaki ta rufe ba. A shekarar ta fito da Human Wreckage, fim a kan fataucin miyagun ƙwayoyi, ta bi shi gari-gari tana yi wa mutane jawabi. Wannan fim yana cikin waɗanda suka ɓace. A 1925 ta shirya The Red Kimona, wanda mata biyu suka rubuta, Adela Rogers St. Johns da Dorothy Arzner. Labarin gaskiya ne na wata yarinya da wani ya yaudara da alkawarin aure, ya jefa ta karuwanci, yana cin kuɗinta, sannan ta gano zai auri wata. Ta harbe shi, kotu ta wanke ta. Fim ɗin yana tare da yarinyar ɗari bisa ɗari. Har ya fallasa wata attajira mai nuna tausayin ƙarya, wadda ta ɗauke ta gida tana nuna ta ga ƙawaye kamar abin kallo, da labarin ya daina tashe ta watsar da ita.

Amma Davenport ta yi amfani da ainihin sunan yarinyar. Matar tana raye. Ta yi aure, ta sake zama, kuma ta shaida wa kotu cewa mutanen da take hulɗa da su ba su san abin da ya wuce ba sai da fim ya fito, suka juya mata baya. Ta kai ƙara, a 1931 kotun ɗaukaka ƙara ta Kalifoniya ta ce tana da hujja: abin da ya faru a zauren shari'a na jama'a ne, amma haɗa shi da sunanta bayan ta gyara rayuwarta keta haƙƙinta ne. Har yau ɗaliban lauya a Amurka suna karanta wannan hukunci. Ni dai ban ga wata kalma da ta dace da shi ba kamar tamu ta rufin asiri. Mace ce ta so ta kare mata, ta yi fim a kan masu cin riba da wahalar wata, sai ta wayi gari ta yi wa wata mace tonon silili, kuma ta sayar da tikiti a kai. Ban raina niyyarta ba, na yarda da gaske take. Abin da nake cewa shi ne kyakkyawar niyya ba ta ba ka mallakar labarin wani. Duk lokacin da na ga an ɗora bidiyon wata da ake zargi a Facebook ko TikTok, fuskarta a buɗe, sunan unguwarsu a rubuce, ana cewa don a faɗakar da jama'a ne, matar nan ta 1925 nake tunawa. Shi ya sa ban saka sunanta a nan ba, ko da yake yana cikin littattafan shari'a.

Wani zai ce ina ruwanmu da tsofaffin finafinan Turawa. Ruwanmu shi ne mun san wannan hanya. Maganar cewa fim yana koya wa yara sata da rashin kunya, wadda ta sa birnin Chicago ya ba 'yan sanda ikon tace finafinai tun 1907, ba baƙuwa ba ce a kunnenmu. Kuma sana'ar da ta fara ba mai gadin ƙofa, mata suka shiga da kuɗin adashinsu da alƙalaminsu, mun gan ta da idonmu a Kano a shekarun 1990. A kan kaset aka ɗauki waɗancan finafinai, kaset kuwa zafi da ƙura da laima suna cin sa kamar yadda suka ci naitiret, sai dai shi ba ya tashi da wuta, shiru yake mutuwa. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Ina so jami'o'inmu masu koyar da aikin jarida da wasan kwaikwayo su nemi waɗannan kasa-kasai su juye su tun ana samun na'urar da za ta karanta su, su kuma zauna da matan da suka rubuta, suka shirya, suka biya, a ɗauki bayaninsu da bakinsu, a rubuta wa ya yi me. Kuma idan malami ya zo darasin yadda ake gina fargaba a fim, ya nuna Griffith, sannan ya nuna Weber a rana ɗaya, a aji ɗaya, ya bar ɗalibai su faɗi wanda ya fi kama su.

Musidora ta yi irin wannan aiki a ƙarshen rayuwarta. Bayan an daina kiranta fim, ta kama aiki a gidan adana finafinai na Paris tare da shugabansa Henri Langlois, tana tara tsofaffin 'yan wasa da masu ɗaukar hoto na zamanin da fim ba ya magana, tana yi musu tambayoyi, ana rubuta abin da suka tuna, tana jera takardu da hotuna a ma'ajiya. Tana kan wannan aikin ta rasu a 1957.